Mutunci Gadon Kowa Ne: Jan Hankali Ga Malamin Bakin Iyaka

Gabatarwa

Daga cikin kalmomin da Bahaushe yake ji da su, da wuya a sami wadda ta kai "mutunci" nauyi. Idan aka dubi ƙirar kalmar, za a ga cewa daga "mutum" ta tsiro, kamar yadda "zumunci" ya tsiro daga "zumu". Ke nan a asalin ma'anarsa, mutunci shi ne kasancewa mutum. Wannan ne ya sa idan aka wulaƙanta wani, sai a ce an ci mutuncinsa, ko an zubar masa da mutunci. Ba a cin abin da babu shi, ba a kuma zubar da abin da ba a riƙe da shi. Ashe tun kafin a kafa makarantun zamani, harshenmu ya riga ya yanke hukunci cewa kowane ɗan Adam da nasa mutuncin ya zo duniya.

Ra'ayin da wannan maƙala take son tabbatarwa shi ne, aji ne wuri na farko a wajen gida inda yaro yake sanin ko yana da daraja a idon duniya, kuma malami ne yake sanar da shi, ta hanyar yadda yake karɓar harshensa da asalinsa. An ɗauki garin Geza da kewayensa, a Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, a matsayin misali, domin irin wannan yanki ne ake tura sabon malami, kuma a nan ne al'amarin ya fi fitowa fili.

Matsayi daban, mutunci daban

Wajibi ne ɗalibi malami ya bambanta abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Matsayi abu ne da ake samu ta hanyar sarauta ko dukiya ko ilimi, yana hawa yana sauka, wani ya fi wani. Mutunci kuwa ba ya cikin ma'aunin fifiko, domin na sarki da na mai kiwon dokinsa awo ɗaya ne. A nazarinsa na shekarar 1974 kan mutumin kirki a wurin Hausawa, Anthony Kirk-Greene ya lissafa halaye goma, ciki har da gaskiya da amana da haƙuri da kunya da adalci, ya kuma sanya mutunci a cikinsu. Abin lura shi ne, Bahaushe ba ya kiran mutum mai mutunci sai ya ga yana kiyaye na wasu.

Addini da doka sun zo a kan wannan turba. Aya ta 70 a Suratul Isra'i ta bayyana karramawar da Allah ya yi wa 'ya'yan Adam ba tare da ware wata ƙabila ba, aya ta 22 a Suratur Rum kuwa ta sanya bambancin harsuna da launuka cikin ayoyinsa. Sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya tabbatar wa kowa haƙƙin a kiyaye mutuncinsa, sashe na 42 kuma ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda ƙabilarsa ko yanayin haihuwarsa. Duk da haka, yaro ɗan shekara bakwai bai san sashe na 34 ba. Fuskar malaminsa ya sani.

Yanki ɗaya, harsuna da yawa

Ƙasar Bagudo tana gaɓar kogin Kwara, ta kuma yi iyaka da Jamhuriyar Benin. Garuruwa irin su Illo da Ka'oje da Zagga da Lolo da Tsamiya duk a cikinta suke. Iyakar da ta raba ta da Benin ta samo asali ne daga yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a Paris a shekarar 1898, ba tare da an shawarci mutanen da layin ya ratsa ta gonakinsu ba. Sakamakon haka, akan sami dangi ɗaya, wani yana karatu da Ingilishi, ɗan'uwansa a ƙetare yana yi da Faransanci.

Ta fuskar kimiyyar harshe, yankin taska ne. Akwai Hausa, wadda take cikin rukunin harsunan Cadi. Akwai Fulatanci. Akwai Dandanci da Zabarmanci, 'yan gidan Sanwai. Akwai kuma harshen Kyangawa, wanda yake cikin rukunin harsunan Mande. Sai dai mafi yawan Kyangawa sun riga sun koma magana da Hausa ko Dandanci, masu jin harshen sun rage a 'yan ƙauyuka kaɗan. Dalilan mutuwar harshe suna da yawa, akwai kasuwanci da auratayya da ƙaura. Amma akwai matakin da kusan kowane harshe yake bi kafin ya ɓace, wato ranar da uwa ta ga cewa koya wa ɗanta harshenta zai jawo masa dariya. Daga ranar da yaro ya fara jin kunyar maganar gidansu, ya fara jin kunyar mutanen da suke yin ta.

A nan ne nake son malamin Hausa ya yi wa kansa adalci. Mun daɗe muna kukan yadda aka riƙa rubuta sunayen masu magana da Hausa a makaranta ana cin su tara ko a yi musu bulala. Marubucin nan na Kenya, Ngugi wa Thiong'o, ya bayyana irin wannan horo a ƙasarsu cikin littafinsa na 1986. To amma a Bagudo, Hausa ce babbar giwa. Malamin da ya yi wa Bafulatanin yaro dariya don ya ce "rigana" maimakon "rigata", ko ya bar 'yan aji suna kwaikwayon lafazin Badande, ya aikata daidai abin da yake zargin wasu da aikata masa.

Karin harshe ba kuskure ba ne

Hatta yaron da Hausa ce harshensa na gado bai tsira ba. Daidaitacciyar Hausa, wadda ake rubuta littattafai da jarrabawa da ita, ta fi kusa da Kananci, alhali yaron ƙasar Kabi da Hausar yamma ya tashi. Zai ce "hwari" da "biyat" da "shina zuwa", sai malamin da bai ƙoshi da ilimin harshe ba ya ce masa ya daina Hausar ƙauye.

Wannan hukunci ya saɓa wa abin da bincike ya tabbatar. Tun a shekarar 1928 masanin nan Bajamushe, August Klingenheben, ya bayyana sauyin da wasu baƙaƙe suka yi a ƙarshen gaɓa a Hausa. Inda mutumin yamma yake cewa "zamna" da "amre" da "sabro" da "abduga", mutumin gabas yana cewa "zauna" da "aure" da "sauro" da "auduga". Sigar yamma ita ce tsohuwa, ta gabas ce ta sauya. Saboda haka yaron Geza da ya ce "zamna" bai gurɓata Hausa ba, ajiyar kakanni ce a bakinsa. Bugu da ƙari, waƙoƙin Hausa na malaman jihadi, irin su Nana Asma'u, cike suke da wannan kari. Malamin da ya san haka zai ce wa yaro: "Yadda ka faɗa Hausa ce ingantacciya, ga kuma yadda ake rubutawa a jarrabawa." Da wannan jimla ɗaya ya koyar da ƙa'idar rubutu, bai kuma taɓa mutuncin kowa ba.

Sana'ar uba da asalin gida

Hanya ta biyu da ake raunata yaro ita ce ta asali. A al'adar Hausawa akwai sana'o'in gado, kuma an daɗe ana ɗaukaka wasu ana ƙasƙantar da wasu. Ɗan mahauci da ɗan wanzami da ɗan majemi da ɗan maroƙi sun san irin baƙar maganar da ake yaɓa musu. Haka ɗan masunci da ya zo aji da ƙarnin kifi, ko ɗan makiyayi da ake kira ɗan daji. Akwai kuma gorin bauta. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu, 1901 ɗa ne, aka kuma soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya a 1936, amma har yau akan tono wannan asali idan maganar aure ko ta shugabanci ta taso.

Gwamnati ta kafa Hukumar Ilimin Makiyaya a 1989, daga baya aikinta ya haɗa da 'ya'yan masunta masu ƙaura. Wannan mataki ne mai kyau, amma hukuma tana iya gina aji ne kawai. Wanda zai sa yaro ya zauna a cikinsa shi ne malamin da ya gane cewa ɗan masunci ya san sunayen kifaye da lokutan cikar kogi fiye da shi, ɗan makiyayi kuma ya san itatuwa da ciyayi da taurari. Idan aka ba su dama suka bayyana wannan sani a darasin insha'i, aji ya ƙaru, su kuma sun gane cewa ba hannu rabbana suka zo makaranta ba.

Kada a ɗauka wannan tausayi ne kawai. A shekarar 1968, Robert Rosenthal da Lenore Jacobson sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a wata firamare a Kalifoniya ta Amurka. Sun zaɓi wasu yara ta hanyar ƙuri'a, suka gaya wa malamai cewa ana sa ran waɗannan za su yi fice. A ƙarshen shekara, yaran da aka ambata, musamman na ƙananan azuzuwa, sun fi sauran ci gaba. Binciken da ya biyo baya ya nuna tasirin bai kai yadda aka zata da farko ba, amma yana nan, kuma ya fi ƙarfi a kan yaran da dama ake yi wa kallon raini. Zaton malami yana bayyana a wanda yake kira ya amsa tambaya, da tsawon lokacin da yake jiran amsarsa.

Masu ja da wannan ra'ayi

Wasu za su ce yawan lallashi yana ɓata yaro, yana haifar da girman kai da lalaci, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Akwai gaskiya a cikin maganarsu. Malamin da yake yaba aikin banza ya cuci ɗalibinsa, wanda kuma ya ƙi koyar da daidaitacciyar Hausa da Ingilishi da sunan kare al'ada ya rufe wa yaro ƙofar gaba. Sai dai tanƙwarawa daban, karyawa daban. Akwai tazara mai nisa tsakanin "wannan amsa ba daidai ba ce, sake gwadawa" da "kai dama ba za ka taɓa ganewa ba". Ta farko ta hukunta aiki, ta biyu ta hukunta mutum. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Haka nan sanin darajar kai ba shi ne girman kai ba. Mai girman kai yana auna kansa da wasu ne, ba ya samun natsuwa sai ya ga wani a ƙasa da shi. Wanda ya san darajarsa kuwa ba ya buƙatar taka kowa, shi ya sa yake iya cewa "ban sani ba", yake iya karɓar gyara.

Malami da darajar kansa

Mutum ba ya ba da abin da ba shi da shi. Da yawa daga cikin masu shiga kwalejin ilimi suna ganin sun zo ne don sun rasa gurbi a jami'a, idan kuma aka tura su ƙauyen bakin iyaka sai su ɗauka horo ne. Malamin da ya raina kansa, a kan yara yake hucewa. Ya kamata a tuna cewa Sir Ahmadu Bello da Sir Abubakar Tafawa Balewa da Malam Aminu Kano duk sun riƙe alli. Alhaji Shehu Shagari ma ya yi shugabancin makarantar firamare a Argungu kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979. Amma ba muƙaman da suka riƙe daga baya ne suka ba aikin daraja ba. Ƙarancin albashi da jinkirin biyansa matsaloli ne na gaske, neman haƙƙi ta hanyar da ta dace kuma yana cikin kare mutunci. Abin da bai halatta ba shi ne yaro ya biya bashin da ba shi ya ci ba.

Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, ana shawartar ɗalibi malami da ya riƙe abubuwa huɗu tun daga lokacin gwajin koyarwa. Ya kira kowane yaro da sunansa na yanka ko wanda yake so, ya hana laƙabin da ya shafi ƙabila ko sana'a ko naƙasa. Ya koyi gaisuwa da harshen kowane yaro da yake ajinsa. Ya rarraba tambayoyinsa har su kai ga na bayan aji da 'yan mata. Idan kuma gyara ya shafi hali, ya yi shi a keɓe.

Masu iya magana sun ce mutunci madara ne, idan ya zube ba ya kwasuwa. Iyaye a Geza da Illo da Lolo suna miƙa wa malami 'ya'yansu kowace safiya da ƙwaryarsu cike. Yaro yana iya manta ƙa'idar jam'i da ta jinsi, a sake koya masa a aji na gaba, amma wanda ya bar makaranta da yaƙinin cewa shi da mutanen gidansu ba kowa ba ne, da wuya a sami malamin da zai dawo da shi.