Wa ya sayo baron kwashe shara, kuma nawa aka saye shi?

Jama'a, a wannan dandali kowa ya zama masanin tattalin arziki. Mun san farashin dala na safe da na yamma, mun san bashin da Abuja ta ciyo. Amma ka tare mutum ka ce masa nawa ƙaramar hukumarka ta samu a watan jiya, me ta saya da kuɗin, sai ya tsaya yana kallonka. Wani ko sunan kansilan mazaɓarsa bai sani ba. Alhali wannan ce gwamnatin da bolar ƙofar gidansa take hannunta.

Ku duba jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999. Ya zayyana aikin ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, banɗakunan jama'a, maƙabartu, kwashe shara, magudanan ruwa, fitilun titi, sa wa tituna suna da lambar gidaje, rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Sannan tana da hannu a makarantun firamare da ƙananan asibitoci. Wato daga ranar da aka haife ka har ranar da za a kai ka makwanci, ita ce ya kamata ka fi cin karo da ita.

Kuma kar wani ya ce mana ƙaramar gwamnati ba ta iya babban aiki. A Kano En'e ce ta kawo ruwan famfo da lantarki a farkon shekarun 1930, da kuɗin baitulmalinta. Asibitin cikin birni da yanzu ake kira Murtala, asalinsa na En'e ne. Dattawa har yau suna ba da labarin duba-gari da ke shiga gida ya leƙa randa. En'e tana da nata zaluncin, kowa ya san yadda aka wahalar da talaka kan haraji da jangali, ba kewarta nake ba. Amma a lokacin an san wanda za a kama idan kwata ta toshe. Garambawul ɗin 1976 ne ya kawo tsarin da muke kai yau, wanda ya kai mu ga ƙananan hukumomi 774, Kano kaɗai tana da 44.

To, maganar kuɗi. A tsarin rabon arzikin ƙasa, ƙananan hukumomi suna da kashi 20.6 cikin ɗari. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 abin da ake rabawa duk wata ya ƙaru sosai. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye, a daina bi ta hannun gwamnoni, ta kuma haramta shugabannin riƙo. Aka yi ta murna, ni ma na ji daɗi. Sai dai aiwatarwa ta zama wani dogon zance, kuma ko da an aiwatar gobe da safe, akwai abin da hukuncin bai taɓa ba: yadda ake sayayya.

Nan ne kuɗin ke zurarewa, ba a gadar sama ba. Gadar sama kowa yana ganinta, 'yan jarida suna binta. Amma baro ɗari biyu, shebur, manjagara, maganin feshin sauro, man janareto na sakatariya, tayoyin motar kwashe shara, bencin 'yan makaranta, gyaran famfon burtsatse, wa yake bin waɗannan? Kowanne shi kaɗai bai kai a ɗaga murya ba. Ka tara su wata goma sha biyu, ka ninka sau 44, ka ga abin da ake magana.

Kuma hanyoyin ba ɓoyayyu ba ne. Ana raba aiki ɗaya gida uku ko huɗu don kada ya kai adadin da doka ta ce sai an tallata shi. Ana kawo takardun farashi daga kamfanoni uku, amma duk aljihun mutum ɗaya ne. A rubuta an karɓi kaya a sito, alhali rabi ne ya iso, ma'ajin sito ya sa hannu don shi ma yana tsoron canjin wurin aiki. A sake fenti a aji biyu a kira shi cikakken gyara. Wanda ya taɓa aiki a sakatariya ya san ban ƙara gishiri ba.

Ku tuna surutun da aka yi a Kano a 2024 kan kwangilar sayo magunguna wa ƙananan hukumomi 44, har hukumar yaƙi da cin hanci ta jiha ta shiga bincike. Ba ni ne alƙali ba, ba kuma zan yanke wa kowa hukunci a nan ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda mutanen gari suka ji labarin: sai da aka fallasa a kafafen sada zumunta. Da a ce kowace sakatariya tana manna abin da ta saya a allon sanarwa, ai tun makon farko ma'aikaciyar asibitin unguwa za ta ce wannan maganin bai zo mana ba.

Na san amsar da ciyamomi ke bayarwa, kuma akwai gaskiya a ciki. Sukan ce kafin kuɗi ya iso an cire albashin malaman firamare, an cire na ma'aikata da 'yan fansho, an cire na ayyukan haɗin gwiwa da jiha, abin da ya rage ko man mota ba ya isa. A cikin birni kuma ga hukumomin jiha irin su REMASAB sun karɓe rabin aikin, har mutumin Fagge ko Gwale bai san wa zai tuhuma kan shara ba. To madalla, ranka ya daɗe. Idan haka ne, ai kai ka fi kowa cin moriyar a bayyana lissafin. Rubuta mana: ga abin da ya shigo, ga abin da aka cire, ga wanda ya cire. Wanda ya ƙi nuna takarda shi ya jawo wa kansa zargi. Sannan kuɗin da ake karɓa kullum a kasuwa da tasha da hannun masu teburi a bakin titi, shi ba daga Abuja yake zuwa ba, ba kuma gwamna ne ya riƙe shi ba. Ina rasit ɗinsa yake tafiya?

Abin da nake nema bai fi takarda ɗaya a wata ba. Me aka saya, guda nawa, a kan nawa, daga wane kamfani, an kai wace mazaɓa. A manna a ƙofar sakatariya, a sa a shafin Facebook ɗin da ake cika mana da hotunan ciyaman a wurin ɗaurin aure. Ba ya buƙatar sabuwar doka, ba ya cin ko sisi.

Mu ma da namu aikin. Kason kowace ƙaramar hukuma ana wallafa shi, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da rahoton rabon, mai waya zai iya nemowa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar da aka rubuta mata. Ƙungiyoyin unguwa da ke tara kuɗi suna yashe kwata da kansu duk shekara, Allah ya saka musu, amma kafin a sake bi gida-gida karɓar ɗari biyar-biyar, a rubuta wa kansila takarda, a sa hannun mutum ashirin, a tambaye shi nawa aka ware wa yashe magudanan mazaɓar a kasafin bana da sunan wanda aka bai wa aikin. Duk wanda ya samu amsa ya ɗauki hotonta ya ajiye mana a ƙarƙashin wannan rubutu, mu kwatanta da na sauran unguwanni.