Tarbiyyar 'Ya'yanmu: Su Nawa Suka Fara, Su Nawa Suka Gama?

 A wannan wata ina so mu leƙa ƙaramar firamaren gwamnati, irin ta ƙauye ko ta rugar makiyaya, wadda malami guda kan haɗa 'yan aji uku da 'yan aji huɗu a ɗaki ɗaya.

Wani lokaci za ki ji ana yabon irin wannan makaranta, wai duk 'yan aji shida sun ci jarrabawar shiga sakandare, kashi 100 cikin 100. Uwargida, kada ki yi saurin rangaɗa guɗa. A ce yara biyar ne suka zauna jarrabawar, to kowane yaro ɗaya kashi 20 ke nan. Idan baɗi zazzaɓi ya kwantar da biyu, sakamako ya faɗo kashi 60, alhali malaman nan dai su ne. Saboda haka sakamakon shekara guda ba ya nuna ƙoƙarin ƙaramar makaranta ko gazawarta.

Abin tambaya shi ne, su nawa suka shiga aji ɗaya tare, su nawa suka kai aji shida, kuma mata nawa ne a ciki? Lokacin da na yi aikin gwajin koyarwa a wata ƙaramar makaranta, rajistar kiran suna ce ta buɗe mini ido. Aji ɗaya cike yake da 'yan mata, amma kafin aji biyar yawancinsu an ja wa sunansu layi. Wannan talla ta ɗauke ta, waccan rainon ƙanne. Maza kuwa da damina gona ke janye su, ranar kasuwa kuma aji ya zama wayam.

Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun firamare na shekara shida da na ƙaramar sakandare na shekara uku kyauta ne, kuma tilas ne, ta kuma ɗora wa iyaye alhakin tura yara. Tun 1989 aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya. Amma doka ba ta shiga ɗaki ta tashi yarinya da safe, ke ce mai yin wannan.

Ƙaramar makaranta tana da nata alherin, domin malami ya san kowane yaro da gidansu. To mu ci moriyar hakan. Ki nemi maigida ya riƙa duba rajista, ya ga kwana nawa yaronku ya yi fashi. Da dare ki sa yarinyarki ta karanta miki abin da ke cikin littafinta. Idan tana aji huɗu ba ta iya haɗa baƙi ba, kada ki jira ƙarshen zango, ki aika wa malami. Talla kuwa, in ta zama dole, a bari sai an tashi daga makaranta. Yadda ba ma yarda su yi fashin Islamiyya, haka ya kamata mu tsare musu boko.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani, amin. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.