Sarauniya Amina Tsakanin Dodo da Gwarzuwa

Duk abin da tsofaffin littattafan ƙasar Hausa suka rubuta game da Sarauniya Amina ta Zazzau ba zai cika shafi guda ba. Fim ɗin da aka yi a kanta, wanda Izu Ojukwu ya ba da umarni kuma Netflix ya saki a watan Nuwamban 2021, ya haura sa'a ɗaya da rabi. Tsakanin wannan guntun shafi da wannan dogon fim akwai fili mai faɗi da dole wani ya cike, kuma abin da ake zubawa a cikinsa shi ne yake zama tarihi a wurin mafi yawan jama'a. Matashin da ke Sukuntuni ko Kusada, wanda ya shiga Kankia ranar kasuwa aka tura masa finafinai a waya, da wuya ya taɓa buɗe Infaƙul Maisur. Aminar da ya sani ita ce wadda ya gani a allon wayarsa, musamman da yake darasin tarihi ya shafe fiye da shekara goma ba ya cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare a Najeriya kafin a dawo da shi.

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda aka ƙiyasta mulkinsa daga 1421 zuwa 1438. Ya ce ta ci garuruwa har zuwa Kwararrafa da Nufe, kowane gari yana kai mata gandu, Sarkin Nufe kuma ya aika mata da babanni 40 da goro 10,000. Ya ce a zamaninta ne kayan fataucin yamma suka shigo ƙasar Hausa, kuma yaƙe-yaƙenta sun ɗauki shekara 34. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Infaƙul Maisur, ya ce ta rinjayi waɗannan ƙasashe har Katsina da Kano suna biyan ta haraji, kuma a Atagara ta rasu. Kusan iyakar ke nan. Ko ƙarnin da ta rayu ba a daidaita a kansa ba: Tarihin Kano ya sa ta a ƙarni na 15, ruwayar Zazzau kuma ta ce 'yar Bakwa Turunku ce, abin da ke mayar da ita ƙarni na 16. Sunanta ma ba ya cikin jerin sarakunan Zazzau da aka saba karantawa.

Sauran labarin bakin jama'a ne ya riƙe shi. Ganuwar garuruwa da yawa ana ce mata ganuwar Amina. Sai kuma ruwayar da ta fi kowace yawo: wai ta ƙi aure, amma a duk garin da ta ci da yaƙi sai ta zaɓi namiji guda ta kwana da shi, gari na wayewa ta sa a kashe shi don kada ya ba da labari. Babu wannan magana a Tarihin Kano, babu ita a littafin Bello. Labari ne irin na maita, na mace mai lashe duk namijin da ya kusance ta, kuma ba shi da wuya a gane abin da ya haife shi. Al'ummar da ta saba ganin sarauta a hannun maza, idan ta tuna da macen da ta sa sarakuna durƙusawa, takan nemi bayanin da zai fitar da ita daga sahun mutane.

Turai tana da sarki guda da aka yi wa irin wannan, kuma labarinsa ya fi na Amina cikakkun takardu, don haka ana iya bin sawun yadda abin ya faru daki-daki. Shi ne Vlad na Uku, wanda ya mulki Walakiya, a kudancin Romaniya ta yau, har sau uku: a 1448, daga 1456 zuwa 1462, sannan na ɗan lokaci a 1476. Mahaifinsa yana cikin wata ƙungiyar mayaƙan Kirista mai tambarin dodon maciji, daga nan ya sami laƙabin Drakul, ɗan kuma aka ce masa Drakula. Yana yaro aka ajiye shi da ƙanensa Radu a hannun Turkawa a matsayin jingina don a tabbatar da biyayyar ubansu. Da ya hau mulki sai ya shahara da tsire abokan gaba a kan tsinin gungume. Wannan ba ƙage ba ne kacokan. A wasiƙar da ya aika wa Sarkin Hangari Matiyas Korbinus a watan Fabrairun 1462, shi da kansa ya lissafa mutum 23,884 da ya ce ya kashe a harin da ya kai kudancin kogin Danub.

Amma wanda ya yaɗa sunansa a duniya ba shi ba ne. Fataken Jamusawa na biranen Taransilbaniya, irin su Barashob, sun yi rikici da shi a kan kasuwanci da kuma mafakar da suke bai wa masu neman kujerarsa, ya kuma ƙona musu unguwanni. Labaran da suka fito daga ɓangarensu sun dace da zuwan na'urar ɗab'i, aka riƙa buga su a ƙananan ƙasidu a biranen Jamus tun daga 1488, har da zanen da ke nuna shi yana cin abinci a tsakiyar gawarwakin da aka tsire. Bayan shekara ɗari huɗu, marubucin Ayalan Bram Stoker ya ci karo da sunan Drakula a wani littafin tarihin Walakiya, ya ɗora shi a kan fatalwarsa mai shan jini a ƙagaggen labarin da ya wallafa a 1897. Abin da ya ɗauka bai wuce sunan da 'yan layukan tarihi ba. Sai a 1972, da littafin Raymond McNally da Radu Florescu, aka ɗaure sarkin da fatalwar tamau a tunanin jama'a.

Daga nan kowa ya ja fim ɓangarensa. Romaniya ta zamanin Chaushesku ta fitar da nata a 1979, inda Vlad ya fito shugaba mai tsanani amma mai adalci, mai murƙushe manyan da ke cin amanar ƙasa, wato dai irin hoton da mai mulkin lokacin yake so a gan shi da shi. Francis Ford Coppola a 1992 ya mayar da shi mayaƙin da baƙin cikin mutuwar matarsa ya sa ya juya wa Ubangiji baya. Fim ɗin Dracula Untold na 2014 ya yi shi uba mai tausayi da ya sayar da ransa don ya ceci ɗansa daga Turkawa, har ya ƙare da kashe Sarki Muhammadu Fatih. A zahiri Fatih, wanda ya ci Kustantiniyya a 1453, ya rayu har 1481, shekara huɗu ko biyar bayan an kashe Vlad. Shirin Netflix a kan daular Turkawa kuwa, a zangonsa na 2022, ya ba da labarin yaƙin 1462 ne ta fuskar Fatih. Mutum ɗaya, fuska huɗu, kuma kowace ta fi bayyana wanda ya biya kuɗin fim ɗin a kan wanda aka yi fim ɗin dominsa.

Fim ɗin Amina ya bi hanyar Romaniya da ta Hollywood a lokaci guda. Ya tsamo ta daga labarin dodo, ya mayar da ita gwarzuwar da aka hango ƙaddararta tun tana ƙarama, mai gwagwarmaya da mazan fada da ba su yarda mace ta riƙe takobi ba, ya kuma ba ta masoyi, wanda Ali Nuhu ya fito a matsayinsa. Lucy Ameh ce ta fito a Amina. An yi ta ƙorafi a Arewa cewa da Turanci ake magana a fadar Zazzau, cewa tufafin da fagen gwabzawar sun fi kama da na finafinan Rumawa. Ƙorafin yana kan hanya, ko da yake bai hana fim ɗin lashe kyautar gwarzon fim a bikin AMVCA na 2022 ba. Sai dai rawani da harshe su ne ƙaramar matsala. Ko da an ɗinka kowace riga daidai, an yi magana da Hausar Zazzau tsantsa, da sauran gyara, domin abin da aka zubar shi ne ainihin ɗan abin da tarihi ya adana.

A sake duba jerin da Tarihin Kano ya kawo: goro, babanni, gandu, kayan yamma. Wannan labarin hanyar fatauci ne. Zazzau ita ce ƙofar ƙasar Hausa ta kudu, wanda ya riƙe ta ya riƙe mashigar goro da ƙarfe da bayi, kuma dokin da Amina take hawa a kowane zane da mutum-mutumi da irin wannan dukiya ake sayensa. Babanni 40 mutane ne da aka kama aka dandaƙe, aka kuma aika da su kyauta kamar yadda ake aika goro. Ganuwa ba ta gina kanta. Wani aka tayar daga gonarsa ya kwaɓa ƙasa. Fim ɗin da ya ɗauki waɗannan da gaske zai nuna mace mai basirar siyasa wadda ta fahimci inda arziki yake bi, ta kuma biya farashinsa da rayukan wasu. Wannan Aminar ta fi ta allo girma, ta kuma fi ta ban tsoro, ba tare da an jingina mata kashe masoya ba.

Akwai kuma tambayar inda mai kallo yake tsaye. Kankia tana kan hanyar Kano zuwa Katsina, a tsakiyar ƙasashen nan biyu da Bello ya ce suna kai wa Amina haraji. Idan maganarsa ta tabbata, to mutanen da suka zauna a wannan yanki a wancan zamani suna cikin masu biya ne, kamar yadda fataken Barashob suke a labarin Vlad. Matashin Sukuntuni da ke tafa wa dawakin Zazzau a wayarsa yana iya kasancewa yana tafa wa rundunar da ta zo karɓar hatsin yankinsu. Wannan ba dalilin ƙin Amina ba ne, ƙasar Hausa ta daɗe da zama ɗaya a zuciyar mutanenta. Dalili ne na tuna cewa kafin jihadi Katsina da Kano da Zazzau da Gobir dauloli ne masu kishin juna da yaƙar juna, kuma fim ɗin da ya share wannan don ya samar da gwarzuwar ƙasa guda ya ɗora Najeriyar yau ne a kan zamanin da bai san ta ba.

Masu shirya fim suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Za su ce fim ba kundin digiri ba ne, shafi guda ba ya isa labari, dole a ƙirƙira. Gaskiya ne. Za su ƙara da cewa 'yan mata a Arewa suna bukatar ganin mace a kan doki tana ba da umarni, kuma makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai da aka sa wa sunanta, daga kwalejin 'yan mata ta Kakuri a Kaduna zuwa Jami'ar Ahmadu Bello, wannan saƙon suke isarwa. Shi ma gaskiya ne. Amma ƙirƙira iri biyu ce. Akwai wadda take cike gurbi da abin da zai iya faruwa a wancan wuri da zamani, akwai kuma wadda take aro ƙwarangwal ɗin labari daga waje, yarinyar da aka yi wa bushara, mugun bafade, soyayyar da ba ta yiwu ba, ta lulluɓe shi da alkyabba. Ta biyun ce ta sa Vlad na 2014 da Amina ta 2021 suka yi kama da juna fiye da yadda kowannensu ya yi kama da zamaninsa.

An taɓa yin ta farkon a nan gida. Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya ba da umarni a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Hausa aka yi shi, kuma bai kau da kai daga farautar bayi da ayarin Sahara ba. Ya nuna su a matsayin abin da Hausawa suka yi kuma aka yi musu. An gyara shi an sake nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. A Nijar kuma akwai Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Faransawa ta Vule da Shanuwan a 1899, ake kuma ba da labarinta a matsayin matsafiya. Med Hondo ya yi fim a kanta a 1986 daga littafin Abdoulaye Mamani, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Shi ma ya ƙawata ta, amma ya bar ta a Aznancinta, bai wanke ta don ta yi wa mai kallon yau daɗi ba.

Kannywood, wadda take da harshen da 'yan wasan da masu kallon, har yau ba ta ba ƙasar Hausa babban fim ɗin sarakunanta na kafin jihadi ba. Kuɗi na cikin dalilai, domin dawaki ɗari da ganuwa ba kayan ƙaramin jari ba ne. Akwai kuma taka-tsantsan: fadoji suna nan da ransu, Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano tana nan, kuma labarin sarakunan da suka haɗa Musulunci da tsafin gargajiya ba kowa ke son ganinsa a allo ba. Katsina tana da nata gwajin yana jira. Muhammadu Korau, wanda ake ɗauka Sarkin Katsina Musulmi na farko a ƙarni na 15, ruwaya ta ce ya hau gado ne bayan ya kayar da Sanau a kokawa ya yanka shi, da taimakon matar Sanau ɗin da ta tona asirin layarsa. Takobin Gajere da ake dangantawa da shi yana cikin kayan sarautar Katsina. Duk wanda ya ɗauki kyamara don wannan labari zai tarar da zaɓin nan biyu a gabansa, maci amana ko mai kawo haske, alhali ruwayar Katsinawa ta riƙe duka biyun a jikin mutum ɗaya ƙarni bayan ƙarni ba tare da ta jefar da ko guda ba.