Ƙwai A Baka Ya Fi Kaza A Akurki: Lissafin Ƙaramin Ɗan Kasuwa A Lafiya

Sau da yawa nakan ji 'yan boko na cewa ƙananan 'yan kasuwarmu ba su da lissafi, wai da ka suke zuba jari. Ni dai ban yarda ba. Duk wanda ya zauna da masu sarin doya, riɗi ko agushi a kasuwannin Lafiya, Agyaragu da Assakio zai ga cewa suna da lissafi. Kafin su tambayi nawa za su ci, sukan fara tambayar kansu: in na faɗi, zan iya tashi?

Suna da hujja kuwa. A farkon 2023 canjin kuɗi ya jawo ƙarancin takardun naira, har manomin ƙauye ya riƙa karyar da kayansa don ya sami tsaba a hannu. Ranar 29 ga Mayu na shekarar aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. A 2024 hatsi ya yi tsada, masu ajiya suka ci riba. A Yulin shekarar gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da harajin shigo da wasu kayan abinci, kamar masara da alkama. A 2025 farashi ya karye, da yawa daga waɗanda suka ciwo bashi suka cika sito ko uwar kuɗi ba su mayar ba.

Don haka gogaggen ɗan kasuwa ba ya zuba jarinsa wuri guda. Ya san doya na ruɓewa, sai ya juya ta da wuri. Riɗi kuwa na jure ajiya, sai ya jira kasuwa. Sabuwar haja da kaɗan yake gwada ta. Ya fi son adashi a kan bashin banki, domin kuɗin ruwa ba ya jiran ciniki. In ya sami rara, sai ya sayi akuya ko fili, ya kuma riƙe dillalin da zai ba shi labarin farashi ta waya.

Wani zai ce irin wannan taka-tsantsan shi ke hana su girma. Da ƙamshin gaskiya a maganar, amma wanda jarinsa shi ne abincin iyalinsa ba ya caca da shi. A ganina, abin da ya rage musu shi ne rubutu: littafin shiga da fita, da raba kuɗin cefane da na jari.

Mu kuma ɗaliban Hausa, akwai aiki a gabanmu. Sari, kiri, la'ada, gyara, kayan nauyi, duk ilimi ne da ke bakin 'yan kasuwa. Mu shiga kasuwa da alƙalami mu tattara shi, kafin mu ce wani bai iya lissafi ba.