Gadon Teku: Darasi Daga Rubuce-rubucen Ibn Majid

A wannan mako za mu leƙa adabin matuƙan jiragen ruwa na Larabawa, domin a cikinsa akwai amsar wata tsohuwar tambaya: mene ne haƙƙin sana'ar uba a kan ɗa?

Ahmad Ibn Majid mutumin Julfar ne, wato Ra'asul Khaima ta yau. Kakansa jagoran jirage ne, haka ma mahaifinsa, wanda ya tsara waƙa mai baiti fiye da 1,000 a kan hanyoyin Bahar Maliya, tekun da duwatsun ƙarƙashinsa suka sha farfasa jirage. An zuba ilmin cikin waƙa ne don ya zauna a kan matuƙi, ko cikin duhun dare.

Ɗan bai rungume gadon ya kwanta ba. A 1462 ya tsara tasa waƙar, Hawiya. Wajen 1490 kuma ya kammala Kitabul Fawa'id, mai bayanin taurari da lokutan iska da tashoshin Tekun Indiya. Ya yabi mahaifinsa, amma inda gwaji ya nuna masa saɓani sai ya gyara, domin kuskure guda a teku yana iya cin rayuka.

To, ɗan kasuwa da ma'aikaci, a lura. Wanda ya watsar da abin da iyaye suka bari ya yi hasara. Wanda kuwa ya miƙa shi da kurakuransa ya ci amanar 'yan baya. Cikar biyayya ita ce a karɓa, a tace, a ƙara. Allah Ya sa mu dace, amin.