Kiɗan lantarki: a saurara, amma a tambayi sunan mai waƙa

A Harobanda, hayin kogin Isa, inda Jami'ar Abdu Mumuni take, da zarar an yi sallar lisha sai ƴan makaranta su zauna a fada, shayi bisa wuta, salula tana kiɗa. Cikin abin da wasunsu suke saurare akwai wani kiɗa wanda na'ura ce take yin shi, ba ganga, ba goge. Sau da yawa a kundi yake zuwa, watau faifai guda da aka tara aikin makaɗa goma ko ashirin a ciki. Dattawa masu wucewa sukan ce ƙarar inji ce kawai. Samari kuwa sun ɗauka kayan Turawa ne, ba ruwan Nijar da shi. Ɓangarorin biyu duk sun yi kuskure, kuma kuskuren yana jawo wa ƙasa hasara.

Kiɗan nan iri-iri ne. Akwai wanda ake kira ambiyan. Shi ba na rawa ba ne. A hankali yake tafiya, yana cika ɗaki kamar turaren wuta, mutum yana karatu ko yana aiki bai hana shi ba. Wani Bature ɗan Ingila, Brian Eno, shi ya yaɗa sunan da faifan da ya yi a 1978 domin masu jiran jirgi a filin jirgin sama. Akwai kuma dub, wanda aka haifa a tsibirin Jamaika wajen 1970. Ɗaya daga cikin iyayensa, King Tubby, mai gyaran rediyo ne a birnin Kingston. Yakan ɗauki waƙar da aka riga aka naɗa, ya janye muryar mawaƙi, ya bar ganga da babbar tsirkiya, sa'an nan ya sa amsa-kuwwa ta riƙa maimaita abin da ya rage. Wanda ya taɓa jin kalangu daga nesa cikin dare, iska tana kawo shi tana mayarwa, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Nijar ba ƴar kallo ba ce a wannan fage. A shekarar 1978 ɗin nan da Eno ya yi faifansa, wani ɗan ƙasa, Mamman Sani Abdullahi, ya shiga ɗakin ɗaukar murya na gidan rediyon ƙasa a birnin Yamai da molon lantarki mai maɓallai, ƙirar Italiya. Ya saye shi ne hannun wani ɗan Ruwanda da suka haɗu wajen aikin UNESCO. Da wannan na'ura ya mayar da karin waƙoƙin gargajiya na ƙasa zuwa sabon sauti, mai sanyi, mai natsuwa. An buga kaset kaɗan ƙwarai, aikin kuma bai ci gaba ba. Amma shekara da shekaru rediyo da talbijin suna sa kiɗansa tsakanin shiri da shiri. Jama'a da yawa sun san kiɗan, ba su san mai shi ba.

Sai da aka yi shekara 35 kafin wani ɗan Amurka, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya sake buga kaset ɗin a faifai a 2013. Daga nan Mamman Sani ya fita Turai yana wasa, masu sauraro a can suna yaba shi a matsayin ɗaya daga cikin na farko a kiɗan lantarki na Afirka. A bayansa ga Hama, shi ma mazaunin Yamai, wanda faifansa Houmeissa ya fito a 2019. Abin farin ciki ne. Abin kunya kuma shi ne sai da baƙo ya zo daga wata uwa duniya kafin ƴan gida su san darajar abin da ke cikin rumbunsu.

Iri na uku shi ne wanda ya fi bukatar a yi hattara da shi. A bangon kundin sukan rubuta "tribal", watau kiɗan ƙabilu. Mai na'ura yana zaune a Turai ko Amurka, ya samo muryar wata tsohuwa ko gangar wani ƙauye da masu bincike suka naɗa tun da daɗewa, ya yanko, ya ɗora bisa kiɗansa. Wani lokaci abin yakan yi daɗi. Amma a duba bangon faifan: sunan mai na'ura yana nan, sunan kamfani yana nan, sunan mai muryar babu.

Ga misali wanda duniya ta sani. A 1992 wasu Faransawa biyu masu suna Deep Forest suka fitar da waƙar Sweet Lullaby, ta zagaya duniya, aka sayar da faifai masu ɗimbin yawa. Muryar da ke ciki ta wata mata ce mai suna Afunakwa, ƴar tsibiran Solomon. Waƙar reno ce, wadda masani Hugo Zemp ya naɗa domin ilimi, ta fito cikin faifan UNESCO a 1973. Ba a ambaci sunanta a sabon faifan ba, har mutane da yawa suka zaci waƙar ta mutanen dajin tsakiyar Afirka ce. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kalmar nan ta "ƙabila" ita ce mayafin da ake lulluɓe irin wannan aiki da shi, domin idan an ce waƙa ta ƙabila ce, to ba ta kowa ba ce, ba kuma wanda za a biya. Alhali kuwa kowace waƙa tana da wanda ya buɗe baki ya yi ta, yana da suna, yana da gari, yana da magada.

Wani zai ce ai kiɗa ba ya da iyaka, makaɗan gargajiya ma aro suke yi wa juna tun kaka da kakanni. Gaskiya ne. Amma makaɗin Hausa ko na Zabarma, idan ya tashi waƙa, yakan ambaci wanda ya koya masa, ya yi masa addu'a. Aro da sallama ake yin shi. Kuma an riga an nuna cewa kundi yana iya bin wannan hanya. A 2011 Sahel Sounds ya fitar da Music from Saharan Cellphones, waƙoƙin da aka tattara daga salular mutane a arewacin Mali. Kafin a buga, sai da aka bi sawun mawaƙan aka nemo su, aka rubuta sunayensu, aka ware musu kasonsu. Cikinsu akwai ɗan Nijar Mdou Moctar, wanda ya naɗa waƙoƙinsa na farko a Sakkwato a 2008. Da an rubuta "kiɗan ƙabilar hamada" kawai, da yau ba wanda ya san shi a waje.

Saboda haka mai sauraro yana da ma'auni mai sauƙi. Kundin da ya faɗi sunan mai waƙa, da garinsa, da shekarar da aka naɗa, ya cancanci a saye shi, a saurare shi da kunnen basira. Wanda ya ɓoye waɗannan, kome daɗinsa, akwai hakkin wani a ciki.

Hukuma ita ma tana da nata aiki. A Yamai akwai taskar Muryar Sahel, da ta cibiyar binciken IRSH, da CELHTO wadda aka kafa tun 1968 domin adana maganar baka, da cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya. Zare na kaset ba ya jure zafi da ƙura, balle ruwa; mutanen Harobanda ba su manta da ambaliyar 2020 ba, lokacin da kogi ya shiga gidaje a Lamorde da maƙwabtanta. Ya kamata a kwafe waɗannan muryoyi a kwamfuta tun da sauran lokaci, kowace da sunan mai ita. Ƴan makarantar jami'a masu karatun harsuna da tarihi suna iya wannan aiki, tun da sun san harsunan, sun san garuruwan. Ofishin kare hakkin mawallafa, BNDA, shi kuma ya tsaya ya ga cewa duk wanda ya ɗebi murya daga Nijar ya nemi izini, ya biya.

Wanda ya koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci ya san daɗin ranar da ya fara rubuta sunansa da hannunsa, ya daina dangwala yatsa. Mawaƙan ƙauye su ma wannan suke bukata: sunansu a rubuce bisa abin da suka yi. Idan samarin Harobanda suka saba da juya faifai su nemi sunan nan kafin su ƙara murya, wata rana su ne za su tara kundin kiɗan Nijar da kansu, su aika wa duniya daga hayin kogi.