Tambarin Takalmi Ba Ya Tsare Idon Sawu

Ya kai uba, da ke uwa, idan ɗanku ko 'yarku mai buga ƙwallon kwando ya ce muku sai da takalmin wani shahararren kamfani zai tsira daga targaɗe, to karatun da masu talla suka biya masa ne yake maimaita muku. Matsayina a fili yake: akwai bambanci tsakanin manyan kamfanonin nan, amma bambanci ne na laushi da nauyi da farashi da sunan ɗan wasan da aka liƙa. Kariya daga rauni ba ta bin tambari. Mu da ke aiki a ɗakin magani na asibiti mu ne muke ganin ƙarshen lamarin, wato matasa masu ɗingishi cikin takalmi mai tsada, suna neman ƙwayar da za ta kashe zafi su koma fili gobe.

Bari mu ba kowane kamfani haƙƙinsa. Converse ne dattijonsu, ya fitar da All Star a 1917, kambas da tafin roba kawai, kuma Nike ya saye shi a 2003. Nike ya yi fice da 'yar jakar iska da yake sakawa cikin tafin takalmi, sannan ya ƙulla yarjejeniya da Michael Jordan a 1984, Air Jordan ya fito a 1985. Adidas na Jamus ya kawo soson Boost a 2013, wanda aka yi da ƙananan ƙwayoyin roba da aka kumbura aka manne su. Under Armour ya samu karɓuwa bayan ya ɗauki Stephen Curry a 2013, Puma ya dawo harkar a 2018, kamfanonin ƙasar Sin kuwa, Li-Ning da Anta, sun shigo da Dwyane Wade da Klay Thompson. Ka lura da kyau, mai karatu: kowannensu da gwarzo yake tinƙaho. Kuɗin da ake biyan gwarzon nan yana cikin farashin da kake biya.

To me bincike ya nuna? Shekara da shekaru ana cewa takalmi mai dogon wuya shi ke hana targaɗe. A wani bincike da aka wallafa a 1993 an gwada wannan a Amurka da ɗalibai 622, aka raba musu masu dogon wuya da masu gajere, ba a ga wani bambancin kirki ba. A 2008 Kobe Bryant ya koma takalmi mai gajeren wuya, 'yan wasa da dama suka bi sahunsa. Wani bincike a Ostareliya da aka wallafa a 2001 ya bi diddigin wasanni, ya gano cewa wanda ya taɓa jin rauni a idon sawu ya fi waninsa haɗarin sake ji kusan ninki biyar, kuma kusan rabin raunukan a lokacin dira daga tsalle suke faruwa, sau da yawa a kan ƙafar wani. Abin mamaki, masu takalmi mai jakar iska a diddige sun fi jin rauni fiye da ninki huɗu. Bincike guda bai isa a yanke wa jakar iska hukunci ba, amma ya isa ya rushe da'awar cewa tsada garkuwa ce. A watan Fabrairun 2019 duniya ta ga takalmin Nike ya yage a ƙafar Zion Williamson na Jami'ar Duke ƙasa da minti ɗaya da fara wasa, ya ji rauni a gwiwa.

Abin da ya tabbata yana kariya ba ya samun talla, domin ribarsa kaɗan ce. A wani bincike da aka wallafa a 2011 an gwada ɗamarar idon sawu mai igiya a kan 'yan sakandare 1,460 a jihar Wisconsin ta Amurka, raunin idon sawu ya ragu da kusan kashi biyu bisa uku ga waɗanda suka ɗaura ta. Curry ɗin da yara ke sha'awar takalminsa, an yi masa tiyata a idon sawu a 2011 da 2012, kuma ya yi shekaru yana wasa da ɗamara a ƙafafunsa. Sai atisayen daidaita jiki, wanda ba a sayensa da ko kwabo: yaro ya tsaya a ƙafa ɗaya na daƙiƙa talatin, ya sauya, ya maimaita ido a rufe, sannan ya yi yana jifa da cafke ƙwallo.

Za ka ce da ni araha ba ta ado. Gaskiya ne, ban ce ka sa yaro ya yi tsalle a kan siminti da silifa ba. Takalmin jabu mai gam marar ƙarfi haɗari ne, haka na gwanjo wanda tafinsa ya suɗe ko sosonsa ya mutu, ko da tambarin wa yake ɗauke da shi. Amma tsakanin jabu da mai tsadar gaske akwai fili mai faɗi. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, yana kan ganiyarsa a 1995 ya sa sunansa a kan takalmin Spalding na kusan dala 35, domin ya ga iyaye talakawa ba za su iya sayen na fiye da dala ɗari ba.

Idan za ka saya, tafi da yaron kasuwa da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da yake wasa da ita. A bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmi. Kada ka sayo wanda ya yi masa yawa wai don ya girma a ciki, ƙafar da ke yawo cikin takalmi ita ke gocewa. Matsa bayan diddigen, ya kasance da tauri. Duba tafin: yawancin filayenmu siminti ne, alhali takalman da aka fi tallatawa don daɓen katako aka yi su, robarsu mai laushi ce, siminti kuwa cinye ta yake yi. Nemi roba mai tauri da zane mai zurfi. Haka ƙwallon: ta fata irin ta Wilson da ake bugawa a gasar NBA, ko ta Molten a wasannin FIBA, ta cikin ɗaki ce. A waje ta roba ta dace, lamba 7 ga maza manya, 6 ga mata, 5 ga yara.

Idan kuma targaɗen ya auku, a nan ne nake da babbar magana. A huta, a ɗora ƙanƙara cikin ƙyalle na minti goma sha biyar zuwa ashirin, a naɗe da bandeji, a ɗaga ƙafar. Idan yaro ba zai iya taku huɗu ba, ko ƙashin idon sawu na ciwo in an danna, a je asibiti a yi hoton ƙashi kafin kowa ya murza ko ya ja ƙafar. Paracetamol ya wadatar ga mafi yawa. Ibuprofen da diclofenac 'yan gida ɗaya ne, ba a haɗa su, ana shan su bayan cin abinci na 'yan kwanaki kawai, kuma suna iya illata ƙoda, musamman ga mai zufa cikin zafin rana bai sha ruwa sosai ba. Mai gyambon ciki ya guje su, mai asma ya tambaya tukuna. Tramadol kuwa ba shi da gurbi a jakar ɗan wasa: yana kama jiki, yana iya jawo farfaɗiya. Zafi saƙo ne daga jiki, wanda ya kashe shi da ƙwaya ya koma fili, jijiyar da ba ta warke ba yake ƙara yagawa.

Saboda haka, raba kuɗin nan uku: takalmi mai inganci da ya dace da ƙafa, ɗamarar idon sawu, da ajiya don ganin likita. Idan yaro ya nace sai tambari, zaunar da shi ka nuna masa ƙafar Curry, ya ga abin da ke ɗaure a saman takalmin.